Hannun Hagu na Kawu

Zuwa ga 'yata Donme,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda kike so.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a ambulan kamar zamanin da. Tun ciwon nan da ya same ni harshena ya yi nauyi, in na yi magana a waya sai mutum ya yi ta cewa "na'am?" har in gaji. Ko na daure na kira ma, hannuna na hagu yakan miƙo ya kashe wayar ana tsakiyar magana. Ba wasa nake miki ba.

Mamarki ta gaya miki jijiya ce ta toshe mini a ƙwaƙwalwa, an sallame ni, ina tafiya da ƙafata. Abin da na roƙe ta kada ta faɗa shi ne maganar hannun. Likita ya ce wurin da ya taɓu shi ne gadar da ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo ta kanta. Hannun bai shanye ba, ƙarfinsa na nan, izinina ne kawai ya daina nema. In na ɓalla maɓallin riga da dama, sai ya bi baya yana ɓallewa. In na buɗe littafi ya rufe. Shekaranjiya a kantin ƙasan benenmu ya ɗauki gwangwanin madara ya jefa a kwando, ni kuwa kin san ba na shan madara. Na mayar, ya sake ɗauka. Mai kantin ya ce mu je mu daidaita tsakaninmu tukuna. Ga madarar nan a kan firij.

To, ba don in ba ki dariya na rubuto ba. Kin san abin da na ƙarar da rayuwata a kai. Dokar da ke riƙe da taurari da wadda ke juya ƙwayoyin zarra, kowace daidai take a gidanta, amma da ka zaunar da su a ɗaki ɗaya sai lissafi ya watse. Tun kafin a haife ki nake neman rufin da zai ɗauke su duka biyu. Kin kuma san abin da nake cewa zai biyo baya: ranar da aka haɗa su, ba sauran wata kafa da abin da muke kira zaɓi zai shigo ta ciki. Halittar Ubangiji a kan tsari take, ba ta da ɓaraka, kuma abin da mutum ke ji a ransa cewa "na ga dama" labari ne da ke iso masa bayan an riga an gama aikin. Tun kina sakandare kike mini gardama a kan wannan.

Ina jin na gama, Donme. Kafin ciwon saura ɗinki kawai, a watannin nan na ɗinke.

Shugaban sashenmu a jami'a, wanda ni na koya masa a ajin farko, ya zo duba ni da ledar lemo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce suna bukatar ofishina, amma sun shirya mini laccar bankwana a ƙarshen zangon karatu. A wurin nake so in gabatar da aikin gaba ɗaya. Ga kwafin takardun nan na haɗo miki. Ki yi haƙuri da shafin da shayi ya zuba, kin san mai laifin.

Ba ni da wanda zai duba mini. Tsarana wasu sun rasu, wasu sun daina amsa wasiƙa, yaran sashe kuwa kunyata suke ji. Ke ce tun kina ƙarama ba kya bari in kai ƙarshen magana ba ki ce "don me?" ba, har sunan ya bi ki. Ki yi wa kowane layi haka. Kada ki ji tausayina, ki duba shi kamar aikin wanda ba ki taɓa gani ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Kawu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin akwatin saƙo, na yi dariyar madara, sai kuma na zauna a matakala na sake karantawa. Me ya sa aka ɓoye mini? Da na sani da na nemi hutu tun lokacin.

Ka sha tambayata yadda wajen aikinmu yake, ni kuma in ce lafiya lau. Bari yau in faɗa maka. Tsohon ramin haƙar ma'adinai ne. Da safe mukan sa hular kwano mu shiga lif, ya yi ta sauka da mu har kunne ya toshe. A ƙasan akwai wani ƙaton tanki cike da ruwa mai tsabtar da ba a taɓa bari ko numfashi ya taɓa shi ba, an kewaye shi da idanun na'ura. Jira muke wata ƙwaya da lissafi ya ce tana nan ta zo wucewa ta yi ƙyalli sau ɗaya. Tun da na zo ba ta zo ba. Waɗanda na tarar ma ba su gan ta ba. Aikina in zauna gaban kwamfuta in tabbatar cewa abin da ba ya faruwa yana ci gaba da rashin faruwa yadda ya kamata.

In na fito rana ta faɗi. Ɗakina ɗaya ne da ɗan kicin, taga tana kallon bangon wani gini. Abokan aiki mutanen kirki ne, amma kowa da iyalinsa. Akwai ranar hutun da sai da yamma na lura ban yi magana da kowa ba tun safe, sai na ce wa butar shayi sannu da aiki don in ji ko muryata tana nan.

An ce in ina so za a sabunta mini kwantiragi na wasu shekaru. Ban ba su amsa ba.

Takardunka suna kan teburina, na fara. Farkon yana da kyau ƙwarai, har na tuna lokacin da kake koya mini a teburin cin abinci, Anti marigayiya, matarka, tana cewa mu kwashe taurarinmu za ta ajiye kwano. Zan bi shi a hankali kamar yadda ka ce.

Amma Kawu, ka san ba zan iya yin shiru ba. Ka ce hannun hagu ya daina neman izininka. Ke nan na dama yana nema? A bisa maganarka ai duk ɗaya ne, doka ce ke motsa wannan, doka ce ke motsa wancan. To me ya sa ɗaya kake ce masa "ni", ɗaya kuma "mai laifin"? Ba na cewa na kayar da kai. Tambaya ce kawai.

Ka riƙa shan magani a kan lokaci. Ina gaida mai kanti.

'Yarka,
Donme

*

Donme,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Babanki yana gaishe ki, ya ce ki riƙa cin abinci, hoton da kika turo duk kin zama wuya.

Ni ban iya dogon rubutu irin naku ba, kuma na rubuto ne don in na kira ki kullum kina cikin ramin nan, in kin fito kuma kin gaji ba a gama magana. Na san Yaya ya rubuto miki, na kuma san ya mayar da abin wasa, don haka ya saba. Ba wasa ba ne.

Makon jiya na rufe shago na je da rana. Tun daga matakala na ji warin gas. Na same shi zaune yana rubutu, bai ji komai ba. Ya kashe murhu bayan ya dafa shayi, hannun ya koma ya murɗa, shi bai sani ba. Na kashe gas ɗin, na buɗe tagogi ina ta faɗa. Ya ce in daina ihu maƙwabta za su ji. Akwai ƙuna a bayan hannunsa na dama, ya ce tsohuwa ce, ƙarya yake. A bene ma ya taɓa faɗuwa, don hannun ya riƙe ƙarfen matakala ya ƙi saki shi kuma ya riga ya ɗaga ƙafa. Mai kanti ne ya gaya mini, ba shi ba. Yanzu in zai yi rubutu zama yake a kan hannun kamar mai danne kaza.

Babanki ya kwashe tarkacensa daga ɗakin gaba, mun yi fenti, mun sa gado. Na yi roƙo, na yi faɗa, na yi kuka. Amsarsa ɗaya ce, sai ya yi laccarsa. Ya ce ranar da ya tsaya ya nuna musu ya gama, in zo da mota a ranar, ko takalmi ba zai tsaya nema ba. Amma in aikin bai kammala ba ba inda za shi, zai zauna ya gyara ko shekara nawa ne.

To ga abin da nake so da ke, kuma ni na haife ki. Ko me kika gani a takardun nan, ki ce masa daidai ne. Wa zai sani? Mutanen da za su je laccar shayi da biskit za su sha su tafa masa su watse. Ba wanda zai mutu don tauraro bai daidaita da ƙwayar zarra ba, amma yayana zai iya mutuwa a gidan nan shi kaɗai, sai wari ya sanar da mutane. Tun rasuwar matarsa ba shi da kowa sai allon nan. Shi ya riƙe ni bayan iyayenmu, shi ya ɗora ki a hanyar da kike kai. Kalma ɗaya ce.

Kada ki gaya masa na rubuto.

Mamarki

*

'Yata Donme,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Kullum in na ji babur ɗin mai kawo wasiƙu sai in sauka, har ya fara ɗaga mini hannu daga nesa alamar babu, don ya rage mini wahalar matakala. An riga an manna sanarwar lacca a allon sashe, sun rubuta sunana da kuskure.

Ba na matsa miki. Na san aikin yana da yawa. Amma ko rabin da kika duba ne ki faɗa mini.

Tambayarki ta hana ni sakat. Na shirya miki amsa mai kyau, cewa bambancin hannuwan biyu labari ne kawai, ɗaya ƙwaƙwalwa tana samun rahotonsa, ɗaya ba ta samu. Har yanzu ina ganin amsar daidai ce. Sai dai wani abu ya faru. Ranar nan da safe na ɗauko kofina na ajiye, ina zuba ruwa, sai hannun ya buɗe kabad ya miƙa can baya ya ɗauko kofin marigayiya, mai fure, wanda ban taɓa ba tun da aka yi rasuwar. Ya ajiye shi kusa da nawa, a gefen da take zama.

Na tsaya ina kallo. Wani a cikina ya ce ba ni na yi ba. Wani kuma ya ce to wa ya san inda kofin yake in ba kai ba. Ban mayar da shi ba, na zuba shayi a duka biyun, na sha nawa, ɗayan ya huce.

Lissafina yana iya ba da labarin hannun tun daga jijiya har zuwa kofi. Wanda ya tsaya yana kallo, ya ji abin da ya ji, shi ne ban ga layin da zan sa shi ba. Wannan ba ya taɓa aikin, kada ki damu, aikin yana tsaye da ƙafarsa. Na faɗa miki ne don ba ni da wanda zan faɗa wa. Mamarki in ta ji cewa za ta yi in tattara kaya.

Ina jiran amsarki.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Kawu, ina kuma neman gafara a kan jinkiri. Lafiyata ƙalau. Na daɗe da gamawa, aikowa ce ta gagare ni.

Kawu, akwai kuskure.

Yana shafin da shayi ya zuba, ƙasa da tabon kaɗan. A wurin da ka haɗa ɓangarorin biyu, akwai wani ɗan saura da ka ce ƙarami ne, za a iya yar da shi. A ko'ina ƙarami ne, gaskiyarka. Amma a daidai inda kake bukatar dokokin biyu su yi aiki tare, inda nauyi ya yi tsanani wuri kuma ya ƙuntata, ba ya raguwa. Girma yake yi, ba iyaka. Duk abin da ya biyo bayan shafin a kansa yake zaune.

Na ɗauka ni ce na ɓata. Na sake bi daga farko. Na bi ta wata hanya dabam, na fito wuri ɗaya. Na ɗauki hutu na zauna a ɗaki ina neman yadda zan cece shi, na gwada duk dabarar da ka koya mini da waɗanda na koya a nan. In an toshe nan sai ya ɓulle can. Na haɗo maka duk abin da na yi, ka duba, wataƙila ka ga abin da ban gani ba. Wallahi ban taɓa son in zama mai kuskure kamar yau ba.

Kuma ba ciwon ne ya jawo ba, kada ka ɗora masa. Na duba tsofaffin takardunka da ka ba ni lokacin ina jami'a, sauran yana nan tun a can. Ni ma na karanta su a lokacin ban gani ba.

Wasiƙa biyu na rubuta. Ɗayar gajeriya ce, tana cewa komai daidai, Allah ya sanya alheri. Na sa kowace a ambulan ɗinta, na je gidan waya da su a jaka, na zauna a benci har ma'aikaciyar ta tambaye ni ko wani nake jira. Ban san me dokokinka za su ce game da zaman nan ba. Ni dai na san na ji nauyinsa, kuma wannan na miƙa. Kai ka ce in duba shi kamar na wanda ban sani ba. Na kasa yin haka, amma na kasa yi maka ƙarya.

Rabin farko yana nan da kyansa, ba abin da ya taɓa shi. Ana iya buga shi shi kaɗai.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Donme

*

Donme,

Ina gaishe ki. Na so in ƙi rubuto miki, babanki ne ya ce ba kyau.

Abu ɗaya na roƙe ki a duniya. To shi ke nan, kin yi abin da kika ga dama, bari in gaya miki abin da ya biyo baya tunda shi ba zai faɗa ba.

Da wasiƙarki ta zo ya daina buɗe ƙofa sai in ni ce, ni ma sai na yi ta bugu. Abincin da na kai jiya shi zan tarar yau. Takardunki a baje a ƙasa, yana bin su da rarrafe da jan biro. Gemu ya fito. Na ce a kira shugaban sashe a ɗage laccar, ya ce kar in kuskura. Na tambaye shi me yarinyar nan ta ce, ya ce ta yi aikinta. Ban ƙara jin sunanki a bakinsa ba.

Ranar laccar na je da wuri na yi masa aski, na ɓalla masa riga, na sa hannun a aljihun kwat na kama bakin aljihun da fil. Ɗakin laccar babba ne, mutanen ba su cika layin gaba ba. Shugaban sashe, wasu malamai, ɗalibai kaɗan da alama korowa aka yi, sai ni a baya da jakata.

Ya fara. Maganar ba ta fita sosai, amma in ya juya ga allo sai ka ga kamar ba shi ne mai ciwo ba. Ni ban gane ko ɗigo ba. Ya cika allo ɗaya ya koma na biyu. Ana nan sai fil ɗin ya ɓalle. Hannun ya fito ya ɗauki tsumman goge allo, Yaya yana rubutawa da dama, na hagun yana bi yana gogewa. Wata ɗaliba ta yi dariya ta toshe baki. Shugaban sashe ya miƙe zai je, Yaya ya ce ya zauna. Ya dube ni. Na taso na hau wurin na riƙe hannun da hannuwana biyu, ni da ko aji ban taɓa tsayawa gaba ba. Hannun yana ta fizga kamar yaro a asibiti. Haka muka ƙarasa, yana matsawa ina binsa.

Da ya kai wani wuri sai ya tsaya ya zagaye wani abu da alli. Ya juyo ya ce, a hankali yadda kowa zai ji:

"Daga nan zuwa ƙasa ba daidai ba ne. Abin da na zagaye na yar da shi tun ina saurayi, na ce ba shi da nauyi. 'Yar ƙanwata ce ta gano. Na duba, gaskiyarta. Ku kwafi na sama, yana da amfani. Na ƙasa ku kwafa don ku san hanyar da ba ta ɓullewa."

Wani malami mai furfura, da alama sun saba gardama, ya ɗaga hannu ya ce to maganar zaɓi fa, da Yaya ya yi shekaru yana cewa babu? Yaya ya ajiye allin. Sannan ya ce:

"Da na ce na sani. Yanzu ban sani ba."

Aka tafa, irin tafin da ba a san ko ya dace ba. Aka sha shayi. Suka ba shi agogon bango a kwali. Kafin mu fito har an fara shigo da kayan wanda zai gaji ofishin.

Muka shiga mota, babanki yana tuƙi, har muka zo mararrabar da ake juyawa zuwa gidan Yaya. Babanki ya rage gudu ya dube shi ta madubi. Yaya ya ce mu wuce. Ban tambaye shi dalili ba, tsoro nake kar ya canja.

Yana ɗakin gaba yanzu. Yana ci kaɗan. Littattafansa suna cikin kwalaye bai ce a buɗe ba. Na samu abin da nake so, amma ba haka na so in same shi ba, kuma har yanzu ban huce da ke ba. Sai dai da na riƙe hannun nan a gaban mutane na ga fuskarsa ta kusa, ba fuskar wanda aka kunyata ba ce. Ban san me zan kira ta ba.

Ki ci abinci.

Mamarki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Kawu da jiki da baƙunta.

Mama ta ba ni labarin lacca. Ban san ko in ce sannu ko in ce na gode ba. Ban ji daga gare ka ba, kuma ba na ganin laifinka.

Makon jiya na'urarmu ta nuna ƙyalli. Muka taru a gaban kwamfuta, har da wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a ramin. Bayan bincike aka gano wata waya ce ta saki. Kowa ya koma kujerarsa. Dattijon ya ce ba komai, ya saba, ya buɗe kwanon abincinsa.

Suna jiran amsata a kan kwantiragi kafin ƙarshen wata. Ina kallon dattijon nan, ina tuna ka, sai in rasa abin da nake so. Kawu, ba gardama nake ba wannan karon. Kai ka ba abin nan rayuwarka duka, ka ga ƙarshensa. Ya cancanta? In ka ce in zauna zan zauna, in ka ce in dawo zan dawo.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto, ko na faɗa ne.

'Yarka,
Donme

*

Donme,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi.

Na yi fushi da ke, kuma da saura, ba zan ɓoye miki ba. Amma lissafinki daidai ne, kuma tsaf yake. Ban taɓa samun ɗalibin da ya yi mini aiki irinsa ba.

Ko ya cancanta, ban sani ba. Akwai safiyoyin da na yi a gaban allo waɗanda ba zan musanya su da komai ba, akwai kuma abubuwan da suka wuce ni ina can. Ban iya auna su ba. Zama ko dawowa kuwa ba zan ce miki komai ba. Ke za ki yi, kuma duk wanda kika yi ina nan.

Ɗakin yana kallon titi. Da safe nakan ja kujera bakin taga in ga masu tafiya aiki, bayan sun wuce sai titin ya zama babu kowa. Tun ina saurayi ban taɓa farkawa ban san abin da zan yi da yinin ba sai yanzu. Yana da tsawo.

Ki riƙa rubutowa. Ki gaya mini abin da kika dafa, da wanda kika gani a hanya, ko an yi ruwa. Ba sai kin sako lissafi a ciki ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki